A bar Jimmy Webb ya yi hirarsa

Jama'a, akwai ƙorafin da ake yawan yi idan tsofaffin marubuta waƙa suka fita zagayen wasa: wai surutu ya fi waƙar yawa, wai murya ta dusashe. Ni kam ban yarda ba, kuma Jimmy Webb ne hujjata.

Da yawanmu ba mu san sunansa ba, domin aikinsa na bayan fage ne. An haife shi a 1946 a garin Elk City na jihar Oklahoma a Amurka. Ɗan fasto ne, a cocin mahaifinsa ya goge da fiyano. Yana da shekara 21 waƙar da ya rubuta, "Up, Up and Away", ta lashe kyautar Grammy ta waƙar shekara a 1968. Shi ne ya rubuta "MacArthur Park", waƙa mai tsawon fiye da minti 7, wadda ɗan fim Richard Harris ya rera, daga baya mawaƙiya Donna Summer ta sake rera ta, ta kai ta matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka a 1978. Wasu suka rera, wasu suka yi suna, shi kuwa sunansa na can da ƙananan haruffa a jikin faifai.

Yanzu da ya manyanta, yawo yake yi gari-gari, daga shi sai fiyano. Ya ba da labari, ya rera waƙa, ya sake komawa labari. To, ku ji irin labarin da ake cewa surutu ne.

Bayan waƙar Webb mai sunan birnin Phoenix, "By the Time I Get to Phoenix", wadda mawaƙi Glen Campbell ya rera, ta karɓu a 1967, Campbell ya nemi Webb ya sake rubuta masa wata mai sunan gari. Sai Webb ya tuna wata tafiya da ya yi a mota cikin karkarar Oklahoma. Fili fetal, ba gida ba bishiya, sai falwayoyi a jere har iyakar gani. Can a saman wata falwaya ga mutum ɗaya tilo yana gyaran waya. Daga wannan ma'aikaci aka samu "Wichita Lineman", wato mai gyaran waya na Wichita, a 1968. Abin da ya fi taɓa ni shi ne, Webb ya aika da waƙar a matsayin wadda bai kammala ba, yana ganin da sauran baiti. Campbell bai jira ba. Ya shiga sitidiyo, ya cike gurbin baitin da kiɗan gita mai kaurin amo, ya fitar da ita haka nan. Wurin da masu sauraro suka fi so ashe giɓi ne aka cike! A 2020 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sanya ta cikin kundin faya-fayan da ake adanawa don tarihi.

Don Allah, a ina za ka ji wannan idan ba daga bakin mai abin ba? Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma a nan mai ita shi ne wanda ya zauna ya tsara kalmomin.

Na yarda muryarsa ba ta kai ta Campbell ba, ko kusa. Amma idan ya sassauta kiɗan, ya ja baitin a hankali, sai ka ji inda marubucin ya so a danna, inda ya so a numfasa. Wannan ma ilimi ne, musamman ga matasa masu son rubutun waƙa.

Akwai kuma dalilin da ya fi waɗannan nauyi a zuciyata. A 2011 Campbell ya bayyana cewa yana fama da cutar mantuwa, ya rasu a watan Agustan 2017. Kafin rasuwar, ciwon ya cinye yawancin abin da yake tunawa. Mutum biyu ne suka san yadda aka haifi waɗannan waƙoƙi tun daga tushe, ɗaya ya manta, sannan ya tafi. Webb kuwa ya shirya wasa na musamman mai suna "The Glen Campbell Years", yana nuna hotuna da tsofaffin bidiyo, yana ba da labarin abotarsu ta kusan shekara 50. Tun yana ɗan shekara 14 ya fara jin muryar Campbell, ya yi burin wata rana ya rubuta masa waƙa. A faifan Campbell na ƙarshe, wanda ya fito a 2017, waƙoƙi 4 na Webb ne.

Roƙona ga masu shirya irin wannan wasa ɗaya ne: ku naɗi daren gaba ɗayansa, kada a yanke hirar a bar waƙoƙin kawai.