Banar Kawu da shuɗiyar babbar riga

Kawu zai tsaya takarar kansila, kuma tunda ni ne "mai kwamfuta" a dangi, aikin fosta da bana ya faɗo kaina. Batun kuɗi kuwa, ya ce idan an ci zaɓe za a san da ni.

Abin da ya turo mini ta WhatsApp hoton hoto ne: wani ya ɗauki wanda ke rataye a falonsa da waya, har da ƙyallin kwan lantarki a goshi. Tsawonsa bai kai figzel 800 ba, wato ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto. Bana mai ƙafa 6 da ƙafa 4 kuwa, ko da ɗigo 100 a kowane inci za a buga ta, tana neman figzel 7,200 a tsaye da 4,800 a kwance. Na ce, "Kawu, a je situdiyo a ɗauki sabo, a turo shi a matsayin fayil, don WhatsApp matse hoto yake yi in an tura kai tsaye." Ya ce, "Kai ɗan nan, a wannan ne na fi kyau. Sa shi a kwamfuta ta gyara."

Sai rigimar launi. Ya tsaya a bayana yana ta "ƙara wa rigar haske". Allon kwamfuta da haske yake haɗa launi, ja da kore da shuɗi, wato RGB. Injin bugawa da tawada huɗu yake aiki, siyan (shuɗi mai haske) da majenta (ja-ja) da rawaya da baƙi, wato CMYK, kuma shuɗin nan mai walƙiya na allo tawada ba ta iya fitar da shi. Ga kuma tarko: yawan majenta na matsowa kusa da na siyan, shuɗi zai koma shunayya. Shi ya sa ake barin tazarar aƙalla kashi 30 cikin ɗari tsakaninsu. Na sa siyan 100, majenta 60. Kawu ya leƙa, ya ce na mayar masa da shadda gwanjo.

Na fita sallar La'asar, ashe ya sa ƙanena ya kwafe fayil ɗin CorelDRAW, manhajar da nake zanen da ita, a filashi, ya wuce wurin wani mai bugawa da ya fi araha. Lokacin ban kai ga danna Ctrl+Q ba, wanda ke mayar da rubutu zane don kada ya dogara da salon harafin da ke wata kwamfutar. Tasu ba ta da nawa, sai ta zaɓo wani da bai san ƙ da ɗ ba. Rarar milimita 3 da ake bari a gefen fosta saboda wuƙar yanka ma ban sa ba tukuna, ga shi Kawu ya sa an buɗa sunansa har baki, an kuma mayar da shuɗin nan mai walƙiya.

Washegari bana ta hau mararraba. Fuskar Kawu dabbare-dabbare kamar tabarmar kaba, riga shunayya shar, duk inda ƙ take wani ɗan akwati ya zauna, har a "ƙuri'a". A fostocin kuma wuƙa ta tafi da harafin ƙarshe na sunansa.

Kawu dai ya ce hular ta fito sosai. Da yamma yaran abokin takararsa suka zo har shago suna tambayar wanda ya yi aikin, wai maigidansu na son ya yi masa ihsani.