Jeti na gwamnati, banɗaki da kwaɗo

Kwanakin baya kawuna ya zo Legas ganin likita, dattijo ne ya haura shekara saba'in kuma yana fama da ciwon suga, duk wanda ya taɓa zama da mai wannan larurar ya san fitsari ba ya ɗaga masa ƙafa, in ya zo to ya zo kenan. Da yake unguwarmu na kusa da ruwa sai na ce mu bi ta jirgi, don in ka bi titi da safe sai ka shafe awa biyu ko uku a gosulo, ta ruwa kuwa da wuya ka cika awa ɗaya. Muka isa wata jeti, wato tashar jirgin ruwa, da ba zan faɗi sunanta ba, gini ne na gwamnati mai kyau, da rumfa da kujerun ƙarfe da tayil, na yanki tikiti muka zauna jiran jirgi ya cika. Ba a yi minti ashirin ba Kawu ya taɓo ni a hankali ya ce, ɗan nan ina ne makewayi?

Makewayi akwai shi, ga ƙofa biyu nan har da zanen namiji da mace a jiki, sai dai kowace an danna mata kwaɗo. Na je wajen maigadi, ashe ma ɗan Arewa ne, da ya ga Kawu sai da ya rusuna ya gaishe shi sannan ya ce, Baba ka yi haƙuri wallahi makullin ba ya hannuna, yana ofis kuma mai ofis ɗin bai shigo ba, dama na ma'aikata ne. Shi ne ya ara mana butarsa ya nuna mana bayan katanga ta bakin ruwa inda kowa ke zuwa. Na riƙe wa Kawu babbar rigarsa, na tsaya na kare shi da jikina, ga zarni ga ledoji na yawo a saman ruwan, ga fasinjojin wani jirgi da ya iso suna fitowa suna kallo. Mutumin da a garinsu ko hula ba ya cirewa a gaban mutane. Da ya gama ya miƙa wa maigadi buta ya yi godiya, daga nan bai sake cewa uffan ba har muka tsallaka.

Tun ranar abin yake ci na, kuma abin da nake son faɗa ɗaya ne: duk tashar jirgin ruwan da aka gina da kuɗin jama'a, banɗakinta na jama'a ne, a buɗe shi tun daga jirgin farko har na ƙarshe, ga mai tikiti da marar tikiti. Ba alfarma ba ce da mai ofis zai yi wa wanda ya ga dama.

Wani zai ce ai talaka ba ya biyan haraji. Wannan maganar ta daɗe da mutuwa. Tun watan Fabrairun 2020 harajin VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5, duk wanda ya sa kati a waya ko ya sayi data ya biya, da ɗan dako da mai shayi da matar da ke soya kifi a bakin jeti. Ga kuma tikitin kasuwa da na tasha da ake yanka musu kullum safiya tun kafin su yi cinikin fari. Su ne ma suka fi kowa buƙatar wurin, don fasinja minti talatin zai yi ya wuce, su kuwa nan suke wuni. Akwai wata baiwar Allah mai sayar da ruwan leda da biskit a wata tashar da nake bi, na taɓa ji tana gaya wa abokiyar sana'arta cewa ita ba ta shan ruwa daga safe sai ta kusa tashi, saboda babu inda za ta zaga. Mai sayar da ruwa fa. Namiji ko ba daɗi zai juya baya ya fuskanci katanga, mace ina za ta? Mai ciki fa, da wadda ke cikin al'ada, da mai goyon da yaronta ya ɓata jiki?

Kuma ba ƙaramin kuɗi ake zubawa a harkar ruwan nan ba. Legas ta kafa hukumar LASWA mai kula da hanyoyin ruwan jihar tun 2008, ta buɗe tashar Five Cowries a Falomo a 2018, ta farfaɗo da jiragen fasinja na gwamnatin jihar, LAGFERRY, a 2020, yanzu ga shirin Omi Eko na Yuro miliyan 410 da za a yi tashoshi 25 da jirage masu aiki da lantarki, kuma kaso mafi tsoka na kuɗin bashi ne daga Turai wanda mu da 'ya'yanmu za mu biya. Ni ina goyon bayan aikin ɗari bisa ɗari, duk wanda ya taɓa kwana a gosulon gadar Third Mainland zai goyi baya. Amma ina so tun yanzu a rubuta a takarda wa zai wanke banɗakunan tashoshin nan, daga wane aljihu za a biya shi, ina ruwa zai fito, ƙarfe nawa za a buɗe. Don mun saba gani, ranar yanka kirtani komai na sheƙi, bayan wata shida famfo ya ƙafe, sai a ce mutane sun ɓata wuri, sai kwaɗo.

Ban ce ƙarya suke ba. Mutanenmu na ɓata wuri, wannan gaskiya ce kuma da ciwo, ana cusa leda da tsumma a masai, ana kwance kan famfo a tafi da shi, wani ya shiga ya fito ko ruwa bai kora ba. Amma maganin wannan ai sananne ne, kuma mu Hausawa mun fi kowa saninsa. Je ka kowace babbar kasuwa ko tashar mota a Kano, akwai gidan wanka da ba-haya, mutum ɗaya zaune a bakin ƙofa da jerin butoci da bokiti da tsintsiya da Izal, ka ba da ɗan canji ka shiga, ka fito ya kora ruwa. Ɗan kasuwa mai ƙaramin jari yana riƙe irin wannan wuri shekara da shekaru har ya ci riba, to yaya hukumar da ke karɓar kuɗin tikiti da kuɗin lasisin jirage za ta ce ya fi ƙarfinta? In ma kuɗi za a sa, ni ban ƙi ba, a sa kaɗan a rubuta shi ɓaro-ɓaro a bango, amma kada a kori tsoho ko yaro ko mai ciki don ba shi da canji. Abin da ban yarda da shi ba sam shi ne a rufe a ce na ma'aikata ne, alhali ma'aikatan ma albarkacin fasinjan suke wurin.

A Amurka, inda ake da tashoshin ajiye jiragen shaƙatawa birjik, sun yi wata doka a 1992 kan tsaftar jiragen ruwa. Gwamnatin tarayya na biyan har kashi 75 na kuɗin kafa na'urar da ke zuƙe ba-haya daga tankin jirgi, kuɗin kuma yana fitowa ne daga harajin kayan kamun kifi da na man jiragen. Sharaɗin shi ne ko tashar ta ɗan kasuwa ce, muddin ta karɓi wannan tallafi dole ta bar kowa ya yi amfani da na'urar, kuma an ƙayyade kuɗin da za ta caja, dala 5 ne sai in ta kawo ƙwaƙƙwaran dalili. Abin da ya burge ni kenan, an ɗaure kuɗin jama'a da sharaɗi tun kafin a miƙa shi. Mu ma in za a ba ɗan kwangila ko kamfani riƙon jeti, a sa masa wannan a cikin yarjejeniya, in ya kulle banɗaki a ci shi tara.

Doka ma ai muna da ita. A watan Nuwamban 2019 marigayi Shugaba Buhari ya sa hannu a umarni mai lamba 009, wanda ya ce a kawo ƙarshen ba-haya a fili kafin 2025, kuma wuraren taruwar jama'a irin su kasuwanni da gidajen mai da makarantu da ofisoshi su zama suna da banɗakin da mutum zai iya shiga. Binciken gwamnati da UNICEF na 2021 ya nuna mutum miliyan 48 ne ke yi a fili a ƙasar nan. Wa'adin 2025 ya zo ya wuce. To ta yaya gwamnati za ta riƙa kamfe a rediyo tana cewa a yi amfani da banɗaki, a wasu wuraren har da kamu da tara, sannan a ginin da ita ta gina a tura dattijo bayan katanga? Sai a watan Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci kan rigimar wa ke da ikon ba da lasisi da karɓar kuɗi a hanyoyin ruwa tsakanin ɓangaren tarayya da Legas, bayan an yi shekaru ana shari'a. Ina roƙon NIWA, hukumar tarayya mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida da ke Lokoja, da takwarorinta na jihohi su kawo ko da kwatar wannan himmar kan abin da fasinja ke buƙata in ya matsu.

Mu a Arewa lamarin ya ma fi tsanani, don ruwan da ake tsugunawa a bakinsa shi ake sha. Wanda ya taɓa zuwa bakin ruwa a Yawuri ko wani gari na gefen tafkin Kainji ranar kasuwa ya san abin da nake nufi, kwale-kwale na sauke mutane da buhuna da awaki tun hantsi, can gefe wata na wanke-wanke, yaro na cika jarka, masunci na gyaran kifin da za a kai har Kano da Kaduna. An kashe biliyoyi a tashar Baro ta jihar Neja da aka ƙaddamar a Janairun 2019, alhali ƙananan mashigai da talakawa ke bi kullum da yawansu ko salga babu. In jirgi ya kife kowa ya tashi da maganar rigar kariya da lodin da ya wuce kima, kuma daidai ne a yi, amma kwalara ta 2021 ta kama mutum sama da dubu 100 ta kashe sama da 3,500, akasarinsu a jihohinmu irin su Bauchi da Jigawa da Kano, kuma kowa ya san ta ruwa take bi. Jigawa ɗin nan ce a Oktoban 2022 ta zama jiha ta farko da aka ayyana duk ƙananan hukumominta 27 sun daina ba-haya a fili, kenan abu ne mai yiwuwa in an sa kai.

Ga kuma addini. Tun muna makarantar allo aka koya mana cewa Annabi (SAW) ya hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudu, ya hana biyan buƙata a mashayar mutane da kan hanya da inuwar da ake hutawa. Musulmin da azahar ta riske shi a jeti yana buƙatar inda zai kama ruwa ya yi tsarki ya yi alwala, in ka kulle masa ƙofa ka jefa shi cikin abin da shi kansa ya san bai halatta ba. Shi ya sa nake ganin malamai da shugabannin Hausawa na Legas, da ƙungiyoyin masu jirage, ya kamata su sa baki, a rubuta takarda a kai wa hukuma, kuma duk wanda ya tarar da kwaɗo ya ɗauki hoto ya tura musu, da ladabi amma kada a gaji.

Ranar da za mu koma asibiti karɓar sakamakon gwaji, na ce wa Kawu ya shirya da wuri mu samu jirgin farko. Ya daɗe yana kallon ƙasa sannan ya ce, ɗan nan mu bi mota kawai, ko banza in na matsu direba zai tsaya a gidan mai. Muka bi mota, awa uku muka yi a hanya, kuma duk tsawon tafiyar robar ruwan da na saya masa tana kan cinyarsa bai buɗe ta ba.