Hunturun da ya ratsa teku

'Yan'uwa da ke gida sukan ɗauka cewa mu da muke zaune a tsibiran Karebiyan mun yi sallama da hunturu. Ba mu yi ba. Iskar da ke kaɗa labule a nan tsibirin Barbados dare da rana, daga gabas da arewa maso gabas, uwa ɗaya uba ɗaya take da wadda ke busar da leɓe a ƙasar Hausa daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Zafin rana ne ke ɗaga iska sama a tsakiyar duniya, ta yi arewa, ta sauko a kan Sahara da tekun Atilantika, sannan ta juyo kudu, juyawar duniya kuma ta karkatar da ita yamma. Wadda ta biyo ta kan rairayi takan iso a bushe ƙamas, ɗauke da ƙura. Wadda ta yi tafiyar sama da kilomita 4,000 a kan ruwa takan iso nan da laima da gishiri.

Idan ka duba taswira, Barbados da Sakkwato kusan a layi ɗaya suke, digiri 13 arewa da tsakiyar duniya. Amma a watan Afrilu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40, alhali a nan da wuya ya wuce 32, da dare kuma bai cika sauka ƙasa da 22 ba. Teku ce ke daidaita abin, ba ta saurin ɗaukar zafi, ba ta saurin sakinsa. Ta wannan fuskar kam mutanen tsibirin sun more, ba na musu.

Sai dai mai kallon hotunan bakin teku a waya rabin tsibirin kawai yake gani. Tsawon Barbados kilomita 34 ne, faɗinsa 23, amma gaɓarsa biyu ba sa kama da juna. Ta yamma, inda manyan otal suka jeru, tana bayan iska, ruwanta yawanci lumui. Ta gabas ita ce ke karɓar duka. Ka je Bathsheba ka tsaya: igiyar ruwa ta taso tun daga tsakiyar Atilantika ba abin da ya tare ta, tana fashewa da ƙara, ta cinye gindin manyan duwatsu har sun zama sama faɗi ƙasa siriri. Bishiyoyi duk sun sunkuya yamma. Gilashin taga yakan yi dishi-dishi da gishiri, kwaɗon da aka rataya a ƙofa kuwa kafin ka ankara tsatsa ta ci shi. A can ba a wasa da ruwa, domin akwai wuraren da yake ja da ƙarfi yana komawa ciki, ko gwanin iyo sai ya raina kansa.

Tun daga 2011 kuma wannan iska ta samo wani sabon kaya da take sauke musu: ciyawar teku ruwan ƙasa da ake kira sargassum. Takan taru jibgi-jibgi a gaɓar gabas, idan ta fara ruɓewa wari kamar na ɓaragurbin ƙwai, tana sarƙe raga da injin kwale-kwalen masunta.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne alaƙar daminarmu da tashin hankalinsu. Hadarin nan da ke tasowa daga gabas a watan Agusta, wanda manomi ke ɗaga kai yana murna da shi, ba a kanmu yake ƙarewa ba. Jerin irinsa yakan ci gaba yamma har ya faɗa teku ta wajajen Sanagal da tsibiran Cape Verde. Idan ya tarar da ruwa mai ɗumi, wani daga ciki yakan rikiɗe ya zama mahaukaciyar guguwa, iskar gabas kuma ta turo shi nan. Lokacinta daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba. Barbados ta daɗe tana sa'a: tun bayan guguwar Janet ta 1955 ba a sake ganin mahaukaciyar guguwa ta taɓa tsibirin ba sai Elsa a 2021. A Yulin 2024 kuma Beryl ta wuce ta kudu, ba ta ma hau tudu ba, amma igiyar da ta tayar ta lalata jiragen masunta sama da 200, yawancinsu a tashar Bridgetown.

Ƙurar ma tana biyo mu. Tun a shekarun 1960 wani masanin kimiyya mai suna Joseph Prospero ya fara auna ƙurar Sahara a Barbados, har yau kuma ana auna ta a Ragged Point, can a kusurwar gabas. Tana ɗaukar kusan mako guda a hanya. A lokacin hunturunmu ta fi karkata zuwa Kudancin Amurka, nan kuwa ta fi yawa a Yuni da Yuli, kamar wadda aka yi a Yunin 2020 da ta dusashe sararin Karebiyan gaba ɗaya.

A nan ne nake ganin sun fi mu da gaske, ba a daɗin iska ba. Hazon da ɗan Arewa zai kalla ya ce ai gari garau yake, shi ne hukumar yanayi ta nan za ta fitar wa sanarwa, a ce masu asma su riƙe maganinsu kusa, masu ƙananan jirage su yi hattara. Kuma ana ji. Masunci ba ya kwance igiya sai ya san ƙarfin iska da tsayin igiyar ruwan ranar. Mu kuwa da muke maƙwabtaka da kwarin Bodele na Cadi, ɗaya daga cikin wuraren da suka fi ko'ina tayar da ƙura a duniya, hazo zai rufe gari har jirgin sama ya kasa sauka, amma yara na tafe makaranta hanci a buɗe. Ba don NiMet, hukumar yanayi ta Najeriya, ba ta magana ba, tana yi. Sabo ne ya sa muka mai da tari da jan ido da sanƙarau na rani kamar wani haraji da dole a biya, alhali ƙurar da muke shaƙa ta ninka tasu nesa ba kusa ba.

Su kansu mutanen tsibirin ba ƙin ta suke yi gaba ɗaya ba. Busasshiyar iskar da ke ɗauke da ƙurar tana shaƙe hadari a tsakiyar teku, ta hana shi haɗuwa ya zama guguwa. Shi ya sa idan sama ta yi fari-fari a watan Yuli, mai asma yana ƙorafi, maƙwabcinsa mai kwale-kwale kuwa ya samu 'yan kwanakin barci da ido biyu rufe.