Wa Ke Da Iko Kan Yawo Da Bindiga A Biranen Amurka?

Mutane da yawa sun ɗauka cewa duk birnin Amurka da harbe-harbe suka addaba yana iya kafa dokarsa ta taƙaita yawo da bindiga a bainar jama'a, amma ba haka abin yake ba. A jihohi fiye da 40, majalisar jiha ce ta riƙe wannan iko, ta ɗaure wa ƙananan hukumomi hannu. Jihar Fulorida ta yi haka tun 1987, sannan a 2011 ta sanya tarar da ta kai dala 5,000 a kan jami'in da ya saɓa da gangan, abin da nake ganin ya yi tsauri, tunda mazauna birni ne ke binne mamatansu. Jihar Kolorado kuwa ta mayar wa garuruwanta ikon tsaurara dokokin a 2021.