Gidajen tarihin Firag a idon wanda ya san Gidan Makama

Bahaushen da hanya ta kai shi Firag, babban birnin Jamhuriyar Cek, kada ya tsaya a ɗaukar hoto a kan gada ya juya. Ya shiga gidajen tarihinsu. A ganina kayan tarihi ba su fi mu ba, kula da kayan ne suka yi mana fintinkau.

A fara da Národní muzeum, babban gidan tarihi na ƙasa, wanda aka kafa a 1818. Jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, layin A ko C, zai sauke ka a tashar Muzeum, a bakin ƙofarsa. An rufe ginin daga 2011 zuwa 2018 ana gyara. Kafin ka shiga, ɗaga kai ka dubi ginshiƙan gaba. Za ka ga tabo-tabo masu haske a jikin dutse: gurbin harsasan da sojojin Tarayyar Sobiyet suka harba a 1968. Da aka zo gyara ba a ɓatar da alamarsu ba, don yaro ya tambaya a ba shi labari. A wajenmu gyara sau da yawa yana nufin a lafta siminti da fenti har tsohon gini ya koma kamar an gama shi jiya, kuma wannan yana ci mini rai.

Wurin da ya fi tsaya wa mutum a zuciya shi ne majami'ar Pinkas, cikin gidan tarihin Yahudawa. An rubuta sunayen mutum kusan 80,000 da 'yan Nazi suka kashe, da hannu, a jikin bango: sunan dangi da jan fenti, sai ranar haihuwa da ranar ƙarshe da aka san mutum yana raye. A bene akwai zane-zanen yaran da 'yan Nazi suka tsare a sansanin Terezín. Tikiti ɗaya ya haɗa majami'u da dama da tsohuwar maƙabarta. Ba sa buɗewa ranar Asabar da ranakun bukukuwan Yahudawa. Ana son namiji ya rufe kai, hularka ta wadatar.

Mai son zane ya nufi Veletržní palác a unguwar Holešovice, inda ayyukan Picasso da Van Gogh suke, wasunsu gwamnati ta saya tun 1923. Mai son inji kuma ya hau tudun Letná, inda gidan tarihin fasaha yake, ya ga tsofaffin motocin Tatra da baburan Jawa. Dukansu biyun a rufe suke ranar Litinin, nan baƙi da yawa suke asarar yini. Kuɗinsu koruna ne, ba yuro ba. Tikitin jirgin titi na takarda sai ka cusa shi a ƙaramin injin nan mai ruwan ɗorawa ya buga lokaci, sau ɗaya tak. In ba haka ba tara ce, ko da ka biya. Ƙananan "gidajen tarihi" na gumakan kakin zuma da kayan azabtarwa da suka cika tsohon gari kuwa, kasuwanci ne kawai, a wuce su.

Ambaliyar watan Agusta 2002 ta jiƙa takardun zanen gine-gine na gidan fasahar nan. Ba a shanya su a rana ba, don takarda mai laima tana fumfuna cikin 'yan kwanaki kuma ta manne da juna. Daskarar da su aka yi, aka riƙa ciro su kaɗan-kaɗan ana busarwa, aikin shekaru.

Mu namu abokan gaba daban ne: gara, ƙurar hunturu, ɗigar rufi, da hasken rana da ke cinye launin tufa. Gini irin Gidan Makama na Kano, da ake danganta shi da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, da laka aka gina shi. Magina sun san dokarsa: a yi yaɓe kafin damina, a share indararo, a duba azara. In aka tsallake shekara biyu, ruwa ya samu hanya. Siminti a kan bangon ƙasa kuma yana kulle laima a ciki har bangon ya ruɓe. Wannan bai buƙaci kuɗin Turai ba. Haka ma ba wa kowane abu lamba, a ɗauke shi hoto, a rubuta wanda ya ba da shi da garin da ya fito.

Abin da na fi so ɗan Kano ya gani shi ne taswirar Langweil ta gidan tarihin birnin (a duba intanet tukuna, an rufe ginin a 2020 don gyara). Antonín Langweil ƙaramin ma'aikacin ɗakin karatu ne. Daga 1826 zuwa 1837 ya gina Firag da kwali, gidaje sama da 2,000, har tagogi da fasassun gilasai. Da aka rushe yawancin unguwar Yahudawa a ƙarshen ƙarni na 19, a kwalinsa aka ci gaba da ganin lungunanta. A wajajen shekarun da Langweil yake wannan aiki ne Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya, kuma gidan tarihin Jos ya kwaikwayi ginin da wani yanki na badalar Kano. Ita badalar ta ainihi ana ta cinta da gine-gine, dattawan da suka san inda ta bi suna raguwa. Ɗaliban zanen gini na jami'o'in Kano da Zariya za su iya auna abin da ya saura, ƙofa bayan ƙofa, daga Ƙofar Na'isa zuwa Kabuga.