Faɗa a waya bai sauke mana tara ba

Na karanta kukan da 'yan kasuwar nan ke yi kan jan ƙafar ofishin harajin Saudiyya, kuma ba ƙarya suka yi ba. Amma 'yan uwa, mita a majalisa bayan Isha'i ba ta kai ko'ina.

Ni akawu ne a wani shagon turare a Jidda. Bara aka yanka mana tara, wai mun makara biyan harajin kaya (VAT, harajin da ake ɗorawa a kan farashin kayan sayarwa), wanda ya koma kashi 15 tun Yulin 2020. Maigidana ya yi ta buga waya yana faɗa, kowane ma'aikaci da tasa amsar, sati uku shiru. Sai na rubuta ƙorafi ta shafin intanet na ofishin harajin da Larabci, layi shida kacal: ranar da muka biya, hoton rasit, da abin da muke nema. Lambar ƙorafin na rubuta ta a jikin kalandar shago. Duk kiran da na yi da ita nake farawa, nan take sai ka ji murya ta sauya.

Wa'adi ne ke cin mutanenmu. Kwana 60 gare ka ka ƙalubalanci hukuncin, in ka tsaya "sai gobe" ya wuce, ka sa hannu a aljihu. Tarar tamu dai an soke ta, alhamdulillahi.