Waƙar neman hakki: abin da mawaƙan Zamfara da Kebbi ya kamata su gyara

Duk lokacin da aka kai mummunan hari a Zamfara ko Kebbi, kafin kwana uku sababbin waƙoƙin kuka sun cika Facebook da TikTok. An sa fiyano mai sanyi, an jera hotunan gawawwaki, mawaƙi na rerawa da muryar da kwamfuta ta goge. Mu saurara, mu share hawaye, mu tura wa wasu, bayan mako biyu babu mai iya kawo baiti ɗaya da ka. Ba na zargin niyyar waɗannan matasa. Da yawansu daga aljihunsu suka biya kuɗin situdiyo, wasu ma danginsu aka kashe. Sai dai abin da suke yi ta'aziyya ce, kuma ta'aziyya ba ta tilasta wa mai mulki komai. Waƙar neman hakki tana da nata gini. Ma'auninta shi ne, idan an kashe lasifika, mutum ɗari biyu da ke tsaye a rana za su iya ɗauke ta da bakinsu?

Ba aro za mu yi ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kusan shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara, kuma ya san manomi da makiyayi ba za su karanta littafin Larabci ba, shi ya sa ya zuba saƙonsa cikin waƙoƙin da ake haddacewa. Ƙanensa Malam Abdullahi, wanda kabarinsa ke Gwandu, da ya ga wasu abokan jihadi sun karkata ga son muƙami da dawakai da tufafin ƙawa, sai ya bar rundunar a 1807 ya nufi gabas, ya kuma yi waƙa yana kokawa da halinsu. Waƙar na cikin littafinsa Tazyinul Waraƙati. Nasa mutanen ya soka, a lokacin da suke kan nasara. Nana Asma'u kuwa hanyar isar da saƙo ta gina: jajis, wato matan da ke jagorantar ƙungiyarta ta 'Yan Taru, su zo su haddace waƙa a wurinta, su koma ƙauyuka su koya wa mata baki da baki.

A zamanin siyasa, bayan kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, waƙa ta shiga inda aka hana lacca. Sa'adu Zungur, Mudi Sipikin, da namu Alhaji Aƙilu Aliyu haifaffen Jega, sun ba talaka kalmomin da zai faɗi abin da ke cinsa: haraji da jangali, aikin tilas, dukan 'yan doka, ɗauri a kotun alƙali. Koken yana da suna, kuma akwai jam'iyya mai rassa da ke ɗauke da shi. Ya ɗauki lokaci, amma a 1979 gwamnatocin PRP na Kano da Kaduna sun soke haraji da jangali.

Haka abin yake a waje. Waƙar nan ta baƙaƙen fatar Amurka, We Shall Overcome, daga waƙar coci ta samo asali. Ma'aikatan wani kamfanin taba a Charleston, galibinsu mata, suka rera ta a yajin aikin da suka fara a 1945. Daga nan ta shiga makarantar Highlander da ke horar da 'yan ƙwadago da masu fafutika, aka koya wa ɗalibai ita a taronsu na 1960, ta bazu a coci-coci da kan tituna da gidajen yari. Ranar 15 ga Maris 1965 Shugaba Johnson ya furta kalmominta a gaban majalisa, a watan Agusta ya sa hannu kan dokar 'yancin zaɓe. Shekara ashirin ke nan ana koyar da waƙa ɗaya a taro bayan taro. Gininta kuma ba wuya: layi ɗaya ake maimaitawa sau uku, a kowane baiti layin nan kawai ake canzawa, duk wanda ya ji ta sau ɗaya ya iya. Matan Abeokuta ma, ƙarƙashin Funmilayo Ransome-Kuti, sun kwana a ƙofar fadar Alake a 1947 suna rera waƙoƙi kan harajin da aka ɗora wa mata, har sarkin ya sauka a Janairun 1949. Waƙar ce ta riƙe su dare da rana a wuri ɗaya, ta hana tsoro ya watsa su.

To mu zo ga gini, don nan ne aka fi yin ɓarna.

Gindin waƙa, wato layin da ake ta komawa kansa ana maimaitawa, shi ne komai. Ku saurari Narambaɗa, ko Ɗanƙwairo na Maradun, ko Sa'idu Faru. Mawaƙan fada ne, ba masu adawa ba, amma babu wanda ya fi su sanin yadda ake kafa gindi: ɗango ɗaya ko biyu, jagora ya yi ɗa ya dawo, 'yan amshi su karɓe, a koma gindi, har wanda bai taɓa ganin sarkin ba ya haddace kirarinsa. Wannan fasaha za a ɗauko a juya ta ga talaka. Kada gindi ya wuce gaɓa goma sha biyu zuwa sha huɗu, abin da mutum zai faɗa da numfashi ɗaya yana tafiya. Ya ƙare da wasali mai buɗe baki, a ko o, don a iya jan sa. Ya kasance da bakin "mu", kuma ya ƙunshi buƙata. Misali a ce, "Ku buɗe muna hanya, mu koma gona." Gaɓa goma sha biyu ce, an san wa ake gaya wa, an san me ake nema. Ku kwatanta da irin "Allah ka kawo mana sauƙi". Addu'a ce mai kyau, duk muna yin ta, amma wanda ya gaza a aikinsa ma zai ce amin tare da kai ya wuce.

Karin murya ma yana kashe waƙa. Matasanmu na ɗaukar karin finafinan Indiya mai hawa sama ƙwarai, irin wanda sai ƙwararre ko injin gyaran murya ke iya kaiwa. Tsohuwa ba ta iya binsa, namiji mai kaurin murya ba ya iya binsa. A tsaya cikin sauti biyar ko shida, kusa da muryar magana. Sannan Hausa harshe ne mai karin sauti. In aka tilasta wa kalmomi hawa da saukar da ba nasu ba, sai a ji daɗin kiɗan a kasa gane maganar. A fara rubuta kalmomi, a faɗe su da ƙarfi sau da yawa, karin zai fito daga cikinsu. Kuma a yi da harshen masu abin. Mutumin Dansadau ko Zurmi ko Bena in ya ji "munka" da "sunka" da "ɗiyanmu", ya san ɗan gida ne ke magana.

Ɗiyan waƙa kuwa, wato baitocin da ke tsakanin gindi da gindi, huɗu zuwa shida sun isa, kowane ɗa da magana ɗaya tak. Ɗaya kan kuɗin da ake ɗora wa ƙauye kafin a bari a yi shuka, a sake ɗorawa kafin girbi. Ɗaya kan hanyar da direba ba ya bi bayan la'asar. Ɗaya kan makarantar da aka rufe. Satar ɗaliban Jangebe ta faru ranar 26 ga Fabrairu 2021, aka kwashe 'yan mata 279, ta Birnin Yauri ta biyo baya ranar 17 ga Yuni na wannan shekarar. Irin wannan abu mai rana da wuri shi ke zama a ƙwaƙwalwa. A kuma bar gurbi a cikin ɗa inda kowane gari zai cire sunan wani ya sa nasa, don ta haka ne waƙa ke fita hannun mai ita ta zama ta jama'a. Ƙa'ida ce kuma a tantance duk abin da za a ambata daga bakin mutum biyu ko uku da abin ya faru a gabansu. Adadi ɗaya na ƙarya ya isa a yi amfani da shi a rushe waƙar duka.

Kafin a shiga situdiyo, a gwada ta. A tara mutum goma sha biyar, da tsofaffi da yara da mata, ba kiɗa sai tafi. Jagora ya rera gindi sau biyu ya yi shiru. In ba su karɓa a karo na uku ba, gindin ya yi tsawo ko karin ya yi wuya, a koma a rage. Washegari a tambayi yaran. In sun tuna, an samu.

Wajen ɗauka, kiɗa ya zama bawan murya. Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi wa yaran mota da sauran marasa gata waƙa, aka ji shi ko'ina. Kalangu ɗaya ko gurmi ko ƙwarya da tafi sun wadatar. Yawancin masu saurare da ƙaramar waya za su ji, mai lasifikar da ba ta fitar da kaurin sauti, don haka duk nauyin ganga da aka cika a situdiyo ɓata yake, sai ma ya danne kalmomi. A ɗaga murya sama da kiɗa, a gwada a kan waya mai maɓallai a cikin hayaniyar kasuwa kafin a saki. 'Yan amshi su zama mutum takwas zuwa goma na gaske, maza da mata, a ɗauke su tare, kada a ninka muryar mutum ɗaya da kwamfuta. Gindi ya shigo cikin daƙiƙa goma na farko, a bar dogon share fage da gaishe-gaishen furodusa. Tsawo kada ya wuce minti uku zuwa huɗu. Waƙar minti uku in an matse ta a kan kilobit 64 ba ta kai megabait ɗaya da rabi ba, kuma ga murya da kalangu wannan ya isa.

Wannan ƙanƙantar ba wasa ba ce a wurinmu. A Satumban 2021 an katse layukan waya a Zamfara gaba ɗaya har makonni da dama. Waƙar da ke rayuwa a YouTube kaɗai ta mutu ranar. Wadda ke cikin memori, a hannun masu tura waƙa da masu cajin waya a kasuwa da tasha, tana bin Bluetooth da Xender daga waya zuwa waya, ita ce ta ci gaba da tafiya. Wadda aka haddace kuwa ko caji ba ta buƙata.

Sai abubuwan da ke lalata aikin bayan an gama shi. Babba shi ne ubangida. Al'adar waƙarmu ta ginu ne kan mai bayarwa, kuma ɗan siyasar adawa a shirye yake ya biya kuɗin situdiyo muddin za a zagi mai ci. Da zarar sunansa ya shiga baiti ɗaya, rabin jama'a sun toshe kunne, sun ce ta jam'iyya ce. In ya hau mulki, mawaƙin ya yi shiru, matsalar na nan. Gara a yi karo-karo, mutum hamsin kowa ya kawo abin da ya samu, a rubuta, a bayyana.

Na biyu ya fi haɗari: jingina laifi ga ƙabila. A yanayin da muke ciki, baiti ɗaya da ya ce Fulani kaza ko Hausawa kaza na iya zama sanadin ran mai tallar nono a kasuwa ko manomi a gona. A Ruwanda, kotun duniya da ta zauna a Arusha ta gano cewa an yi amfani da waƙoƙin Simon Bikindi a rediyo wajen hura ƙiyayya a 1994, ta kuma ɗaure shi shekara 15 a 2008 saboda kiran kisa da ya yi ta lasifika. A soki aiki: satar mutane, karɓar kuɗin fansa, sayar da makami, kisan wanda ba a kai kotu ba, ko wane ne ya yi. Rugar da aka ƙone ta cancanci baiti kamar ƙauyen da aka ƙone.

Na uku, zambo. Muna da gwaninta a kansa, yana da daɗin ji, amma zagin halittar mutum ko iyayensa yana mayar da magana rigimar mutum biyu, kuma ɓata suna laifi ne a dokar finalkod. Sashe na 39 da na 40 na tsarin mulkin 1999 sun ba da 'yancin faɗar ra'ayi da na taro, duk da haka an sha kama mutane da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024. Hukumar NBC mai kula da kafofin watsa labarai ta hana sa waƙar Eedris Abdulkareem a rediyo da talabijin a Afrilun 2025. Fela ya saki Zombie a 1976, a Fabrairun 1977 sojoji suka ƙone gidansa, suka jefo mahaifiyarsa ta taga, ta rasu a 1978, ita ce Funmilayon nan ta Abeokuta. A namu yanayin barazanar ta fuska biyu ce, hukuma da daji. Don haka lauya ya karanta baitocin kafin a ɗauka. A kira kujera, a bar sunan mutum sai in akwai hujja a rubuce. Kada a nuna fuskar 'yan amshin da ke kwana a ƙauye, kada a ambaci wanda ya ba da labari, kada bidiyo ya nuna gidan da za a iya ganewa. Hotunan gawa kuma a bar su, hakkin mamaci da iyalinsa ne.

Sannan a tambayi kai: ranar da aka saki waƙar, wa zai ɗauke ta ya kai ina? Gubar dalma da ta ɓulla a Anka da Bukkuyum a 2010 ta kashe yara aƙalla 400, aikin tsabtace ƙauyen Bagega daga gubar ya yi ta jan ƙafa, sai da masu fafutika suka tsaya kan gari ɗaya da buƙata ɗaya, a saki kuɗin aikin, sannan aka sake su a farkon 2013. Irin wannan buƙata mai iyaka waƙa ke iya turawa. Kafin a saki, mawaƙi ya zauna da ƙungiyar manoma, ko direbobi, ko matan da suka rasa mazajensu, ko iyayen ɗalibai, a amince kan abu ɗaya da za a nema, a rubuta takardar koke mai sa hannu, a tsayar da ranar kai ta ga ɗan majalisar mazaɓa ko shugaban ƙaramar hukuma. A koya wa mutum goma waƙar tun mako biyu kafin ranar, kowannensu ya koya wa goma a unguwarsu, a zaɓi jagora biyu ko uku masu ƙarfin murya don in ɗaya ya gaji ko aka ɗauke shi wani ya karɓa nan take.